Dalmar da ake zuba wa bututun PVC: mece ce, kuma a ina take cutarwa?

Tambaya daga shugaban kwamitin wani masallacin unguwa a Garwa, a arewacin Kamaru: "Assalamu alaikum. Mun haɗa kuɗi za mu haƙa foraj, mu ja ruwa zuwa masallaci da makarantar Islamiyya da wasu gidaje. Wani ɗanmu da ke karatu a Ngaundere ya ce bututun PVC da muke shirin saye ana zuba masa dalma tun a masana'anta, irin wadda ta kashe yara a Zamfara. Mai shagon kuma ya rantse mana cewa roba roba ce, babu wani ƙarfe a cikinta. Wane ne mai gaskiya? Idan akwai dalmar, me take yi a cikin roba? Kuma shin sai mun tone wanda muka riga muka binne a gidajenmu?"

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Yaronku ya faɗi gaskiya, domin akwai bututun PVC da ake yi da sinadaran dalma, kuma har yau ana yin sa a ƙasashe da dama. Shi ma mai shagon ba lallai ne ya yi niyyar yaudara ba, tun da dalmar ba a matsayin ƙarfe take shiga ba, farar hoda ce da ake cuɗawa da garin robar kafin a narka shi, kuma ko an yanka bututun an duba ba za a ga alamarta ba. Sai dai ba kowane PVC ne yake ɗauke da ita ba, kuma haɗarin wanda yake ɗauke da ita ba ɗaya ba ne a kowane hali. Bututun da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru ruwa yana bi ta cikinsa shi ne mafi ƙarancin abin tsoro, saboda haka kada ku tone kome. Inda hankali ya kamata ya koma shi ne sabon da za ku saya, da wanda rana take duka, da wanda ake jefawa a wuta.

Dalilin da ya sa ake buƙatar wani abu a cikin PVC tun farko yana cikin halittar robar kanta. Ledar da ake zuba kaya a kasuwa da jarkar ruwa da bokiti yawancinsu daga wata roba ce dabam, wadda babu kome a jikinta sai kabon da haidirojin. PVC kuwa kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinta kulorin ne, kuma wannan kulorin shi ne ya ba ta ƙarfi da ƙin kama wuta da araha, shi ne kuma rauninta. Da zarar zafi ya wuce digiri 100 da ɗan wani abu, kulorin yakan fara ɓallewa tare da haidirojin, su fita a matsayin iskar asid mai ƙona hanci. Babbar matsalar ita ce asid ɗin da ya fita shi ne yake ingiza wanda ke kusa da shi ya fita, wannan ma ya ingiza na gaba, har lalacewar ta bi tsawon jikin robar cikin ƙanƙanin lokaci. To ga shi kuma ba a iya sarrafa PVC a inji sai an kai ta digiri 160 zuwa 200, wato tana fara ƙonewa tun kafin ta yi laushin da za a iya tura ta ta bakin injin ta fito bututu. Wannan ne ya sa, ko da yake wani Bajamushe mai suna Eugen Baumann ya samar da ita a 1872, wani kuma mai suna Fritz Klatte ya yi rajistar hanyar yin ta a 1913, ta daɗe ba ta da wani amfani a kasuwa, sai bayan da Waldo Semon ya gano hanyar tausasa ta a Amurka a 1926, aka kuma samo sinadaran da ke hana ta ƙonewa.

Kun sha ganin wannan lalacewa da idonku, ko da ba ku san sunanta ba. Idan mai gyaran famfo ba shi da mahaɗi, yakan kunna kwali ko takardar buhun siminti, ya riƙa juya bakin bututun a kan harshen wutar har ya yi laushi, sannan ya cusa ɗaya bututun a ciki. Ku lura da bakin: da farko yakan yi rawaya, sai ya koma ruwan ƙasa, in hannu ya yi jinkiri kuma ya yi baƙi ya kumbura, ga wani wari mai sa ƙwalla da tari. Ba hayaƙin kwalin ne kawai ya ɓata shi ba, robar ce take zubar da kulorinta, kuma wurin da ya yi baƙin nan shi ne yakan fara tsagewa bayan 'yan watanni. Abin da ke faruwa a hannun mai gyara cikin minti ɗaya shi ne masu masana'anta suke gudun ya faru a cikin injinsu.

Sinadaran dalma da ake amfani da su duk daga tushe ɗaya suke, wato tokar dalma mai launin rawaya da ake samu idan aka ƙona ƙarfen a cikin iska, wadda masana suke rubutawa PbO. Wanda ya fi kowanne yaɗuwa shi ne salfet ɗin dalma mai kashi uku na wannan toka, 3PbO·PbSO4·H2O, farar hoda mai nauyi wadda fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinta dalma ce zalla. Shi ne ake sa wa bututu da rigar wayar lantarki, yana kuma da ɗan'uwa mai kashi huɗu na tokar. Na biyu shi ne fosfayit ɗin dalma, wanda ya fi tsada amma yake da wata baiwa da sauran ba su da ita, wato jure hasken rana, shi ya sa aka fi sa shi a kayan da za su zauna a waje kamar firam ɗin taga da indararon roba. Na uku shi ne kabonet ɗin dalma, tsohuwar farar hodar nan da Turawa suka yi ƙarnoni suna yin farin fenti da ita. Shi ne mafi araha, amma idan zafi ya yi yawa yakan saki iska ya bar ƙananan ƙofofi a jikin robar, saboda haka an fi barin sa ga kayan da ba sa buƙatar zafi sosai. Akan haɗa waɗannan da wani sabulun dalma da ake yi da kitse, wanda aikinsa shi ne sa narkakkiyar robar ta zame a jikin ƙarfen inji kada ta manne. Yawan dalmar da ke ƙarewa a jikin kaya yakan kama daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 a wasu bututai har zuwa wajen kashi 2 ko 3 a firam ɗin taga da rigar waya.

Aikin da suke yi irin wanda kanwa take yi ne idan an jefa ta a abu mai tsami: tokar dalmar da ke cikinsu takan cafke asid ɗin da zarar ya fito, ta kashe kaifinsa tun kafin ya ingiza na kusa da shi. Ƙarafa da yawa za su iya yin wannan, amma abin da ya ɗaukaka dalma shi ne abin da yake saura bayan an gama. Idan tutiya ce ta kama asid ɗin, gishirin da ya samu shi kansa yana hanzarta ƙonewar robar, har ta yi baƙi farat ɗaya a cikin inji. Gishirin da dalma take bari kuwa lafiyayye ne a wajen robar: ba ya ingiza lalacewa, ba ya saurin narkewa a ruwa, kuma ba ya barin lantarki ya bi ta cikinsa. Wannan siffa ta ƙarshe ita ta sa masu yin wayar lantarki suka riƙe dalma tsawon shekaru fiye da kowa, domin rigar waya da ke jan laima tana barin wuta ta zurare ba ta da amfani. Sannan ga araha, ga kuma yafiya ga mai tsohon inji ko wanda wutarsa take yawan ɗaukewa: idan robar ta tsaya a cikin inji mai zafi na ɗan lokaci, mai dalma takan jure, sauran kuwa sukan ƙone a yi asara. Duk wanda ya san yadda ƙananan masana'antu suke fama da lantarki a nahiyarmu zai gane dalilin da ya sa ba sa son rabuwa da ita.

Tana da aibi biyu ko a idon masu masana'antar. Ba a iya yin roba mai garai-garai da waɗannan hodoji, domin suna dushe ta, saboda haka tiyon da kuke hango ruwa ta jikinsa ba da su aka yi shi ba, ko da yake wannan ba ya wanke shi daga wasu sinadaran. Na biyu kuma, idan dalma ta haɗu da farar wuta takan yi baƙi, shi ya sa farin bututu mai dalma yakan yi dabbare-dabbaren baƙi kusa da masai ko kwata mai wari. Wannan baƙin abu, salfayid ɗin dalma, shi ne ainihin dutsen da ake niƙawa a yi kwalli na gargajiya, abin da ya sa likitoci suke hana sa wa jarirai shi.

Game da cutarwar dalma ga jiki babu saɓani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a cikin jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Yaro ƙarami yakan tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba yake tsotsewa daga abin da ya haɗiya, musamman idan cikinsa babu abinci ko yana da ƙarancin jini, kuma ƙwaƙwalwarsa ce take biyan farashin: raguwar fahimta, rashin natsuwa, jinkirin karatu, abubuwan da ba sa dawowa daidai bayan sun auku. A jikin babba takan jawo hawan jini da ciwon ƙoda, tana kuma taruwa a ƙashi ta zauna shekaru da dama, sannan ta sake fitowa lokacin da mace take da juna biyu ta kai ga ɗan da ke ciki. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma a jininsa da ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ko ta wuce. Amma abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, wani mataki ne dabam: duwatsun zinariya masu cike da dalma ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Bututun ruwa ba ya kawo irin wannan mutuwa ta gaggawa. Abin da ake tsoro a wajensa shi ne kaɗan-kaɗan ɗin da ba ya nuna alama.

Yanzu ga batun ruwan sha, wanda shi ne ainihin damuwarku. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a kowace lita, Tarayyar Turai kuma ta yanke cewa daga 2036 za ta sauke nata zuwa 5. Ku ɗauki bututu mai nauyin kilo 10 wanda kashi 1 cikin 100 nasa dalma ce: giram 100 ke nan, wanda da a ce duka zai narke, ya isa ya kai lita miliyan 10 bakin wannan iyaka. Abin da ya sa lamarin bai kai haka muni ba shi ne PVC mai tauri tana riƙe hodar gam a jikinta, ruwa ba ya ratsa ta, kuma abin da yake iya wankewa shi ne ɗan siririn abin da ke saman bangon ciki, wanda ya taru a wurin lokacin da bututun yake fitowa daga inji. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam-dabam sun nuna abu iri ɗaya: sabon bututu mai dalma yakan saki mai yawa a kwanakin farko, wani lokaci ninki da yawa na ƙa'idar, sannan adadin ya faɗi da sauri yayin da ruwa yake ta wanke bangon. Wannan ne hujjata da na ce ku bar tsohon da ke ƙasa ya ci gaba da aikinsa. Ya riga ya zubar da mafi yawan abin da zai zubar, kuma kuɗin tone shi ya fi amfani idan aka sa shi a wajen sayen sabo mai kyau.

Akwai abubuwa da ke ƙara yawan abin da yake fita, kuma kusan dukkansu muna da su a arewa. Ruwa mai ɗan tsami ya fi cin bangon, kuma ruwan sama da ruwan ƙasa mai duwatsu irin ta tudun Adamawa sukan kasance haka. Zafi yana ƙarawa. Daɗewar ruwa a tsaye yana ƙarawa, kuma wannan ya shafe ku kai tsaye, domin famfon makarantar Islamiyya zai iya kwana biyu ba a buɗe shi ba a ranakun Alhamis da Juma'a, balle lokacin hutu, sannan yaran da suka fara zuwa ranar Asabar su ne za su sha ruwan da ya kwanta. Siririn bututu kuma ya fi babba saki a kowace lita, saboda ruwan cikinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da faɗin bangon da yake taɓawa. Wani bincike da aka buga a 2001 a kan bututun da ake amfani da shi a Saudiyya, ƙasar da zafinta ya yi kama da namu, ya nuna cewa tsamin ruwa da zafinsa da kuma hasken rana duk suna ƙara fitar dalmar.

Rana ita ce abin da na fi so ku riƙe. Hasken da ke cikinta yana yi wa fatar PVC abin da wuta take yi mata, sai dai a hankali: saman robar yakan ruɓe ya zama gari, hodar da take daure a ciki kuma ta fito fili. A watan Yunin 1996 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wani labulen taga na roba mai yanka-yanka da ake shigo da shi miliyoyi daga Sin da Taiwan da Meziko da Indunusiya, bayan an gano cewa rana da zafi suna sa ƙurar dalma ta taru a samansa, yara su shafa su kai hannu baki. Wannan a cikin ɗaki ne, ba a cikin zafin watan Maris da Afrilu na Garwa ko Marwa ko Kusiri ba, inda ma'auni yake wuce digiri 40. Ku je shagunan kayan gini ku ga yadda ake jibge bututu a bakin titi wata da watanni, na saman ya koɗe ya yi fari-fari. Ku shafa yatsa a jikinsa, za ku ga ya ɗebo gari kamar alli. A bututun da ba shi da dalma wannan gari alama ce kawai ta cewa ya fara rauni, amma a mai dalma garin yana ɗauke da ita. Haka abin yake ga bututun da ke hawa tanki a fili, da indararon da ke tara ruwan sama zuwa randa, da tiyon da masu sayar da ruwa suke cika jarka da shi, wanda yake yini a rana da ruwa mai ɗumi a cikinsa.

Wuta ta fi rana muni nesa ba kusa ba. Samarin da ke sana'ar gwangwan sukan tara tsofaffin wayoyin lantarki su cinna musu wuta domin su fitar da jan ƙarfen da ke ciki, kuma rigar tsohuwar waya tana cikin kayan da suka fi kowanne yawan dalma. Wani kaso nata yana bin hayaƙi su shaƙa, saura kuma ya zauna a tokar, inda babu sauran robar da za ta riƙe shi. Iska ta kwashe, ruwan sama ya kai kwata, awaki da kaji su yi kiwo a wurin, yara su yi wasa. Dalma ba ta ruɓewa, saboda haka filin da aka ƙona waya a kansa yakan zauna da ita har sai an kankare ƙasar an kwashe. Ga kuma iskar asid da wata muguwar guba mai suna dayoksin da ke fita idan roba mai kulorin ta ci wuta a fili. Unguwar Agbogbloshie ta birnin Akara ta yi suna a duniya saboda wannan sana'a, amma ƙaramin irinta yana bayan kusan kowace babbar kasuwa tamu. A cikin gida ma akwai: mata da yawa suna hura gawayi da guntun tsohon takalmin roba ko yankin ledar ɗaki, su durƙusa suna fifita da yaro a baya. Maganin na wayar ba shi da wuya, a feɗe rigar da wuƙa maimakon a ƙona ta, kuma jan ƙarfen da bai sha wuta ba ya fi daraja a wajen masu saye.

Sauran waɗanda abin yake shafa su ne ma'aikata. Wanda yake yage buhun hodar yana zubawa a injin cuɗawa shi ne ya fi kowa shaƙar ta, shi ya sa manyan kamfanoni suka koma sayar da ita a dunƙule kamar tsaba ko ɓawo domin rage ƙura. Sai masu niƙa tsohuwar roba a sake narkawa. A nan ne dalmar da aka zuba shekaru 30 da suka wuce take samun sabuwar rayuwa, domin idan aka niƙa tsohon bututun kwata da rigar waya aka yi sabon kaya da su, tana nan ba ta je ko'ina ba, kuma babu wanda ya san adadinta, har shi mai masana'antar.

Dokokin ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam. Amurka ta daɗe tana yin bututun ruwan shanta da sinadaran kuza, ba da dalma ba. A Turai masana'antun da kansu suka yi alkawari a 2000 cewa za su daina, suka kuma cika a ƙarshen 2015, amma kayan da ake shigo da su daga waje suka ci gaba da zuwa da ita, har sai da aka kafa doka a 2023 wadda ta hana sayar da kayan PVC da dalmarsu ta kai kashi 0.1 cikin 100, ta fara aiki a ranar 29 ga Nuwamban 2024. An yi sassauci ga PVC mai tauri da aka sake sarrafawa, an yarda ta kai kashi 1.5 har zuwa 2033, amma a wasu kayan gini kawai, ban da bututun ruwan sha, kuma da sharaɗin a rubuta a jiki cewa tana ɗauke da dalma. Kafin wannan, dokar kayan lantarki ta Turai da ta fara aiki a 2006 ta riga ta kore ta daga wayoyin na'urori. Sin ta hana ta a bututun ruwan sha a ƙa'idarta ta 2006, Indiya kuma ta fitar da tata dokar a kan bututun PVC a 2021. Kamaru ta kafa iyakar dalma a fenti a 2017, kashi 90 cikin miliyan, tana cikin ƙasashen Afirka na farko-farko da suka yi hakan, sai dai wannan dokar fenti ce. Abin da nake gani shi ne, duk lokacin da babbar kasuwa ta rufe ƙofarta ga wani kaya, mai yin sa ba ya rufe masana'anta, wata kasuwar yake nema, kuma kayan da ke iso mana ta tashar Duwala ko ta kan iyakar Najeriya daga wurare da yawa suke, masu kyau da marasa kyau a mota ɗaya.

Abin da ya maye gurbin dalma a mafi yawan wurare shi ne haɗin kalsiyam da tutiya: tutiyar tana gyara wuraren da suka fi rauni a jikin robar, kalsiyam ɗin kuma yana karɓe kulorin daga hannunta kafin ta yi ɓarnar da na ambata. Bututun da aka yi da shi bai gaza mai dalma ƙarfi ko daɗewa ba, sai dai yana buƙatar inji mai kyau da ma'aikacin da ya san aikinsa.

Ga aikinku, Alhaji, launi ba hujja ba ne. Toka-toka ko shuɗi ko fari duk ana iya yin su da dalma ko babu ita, kuma ido ko hanci ba sa ganewa. Abin da za ku dogara da shi shi ne rubutun da ke bin tsawon bututun. Na ruwan sha na gaskiya yana ɗauke da sunan masana'anta, da faɗi da kauri, da ƙarfin matsin da yake ɗauka kamar PN 10 ko PN 16, da lambar ƙa'ida irin su ISO 1452, wasu kuma suna da tambarin NF ko ACS na Faransa, wanda yake nuna an gwada abin da suke saki a ruwa. Ku nemi dillalin ya kawo takardar masana'anta da ta faɗi irin sinadarin da aka sa, kuma kuna da damar tuntuɓar ANOR, hukumar ƙa'idojin kaya ta ƙasa, a kan ko an tantance kayan. Bututun da babu rubutu a jikinsa ko kaɗan, ko wanda aka yi don kwata da ruwan wanka, kada ya shiga layin ruwan sha kome arahar sa, domin a nan ne aka fi samun dalma da niƙaƙƙiyar tsohuwar roba, kuma shi ne 'yan kwangila suke saurin sakawa idan kuɗi ya yi ƙasa. Wannan ya haɗa da bututun da za a zura a ramin foraj ɗin kansa, wanda zai zauna cikin ruwan har iya rayuwar rijiyar; ku sa sharaɗinsa a rubuce a yarjejeniyarku da mai haƙa, wani daga cikinku kuma ya tsaya ya karanta jikinsa kafin a zura.

Hanyar da ta fi sauƙi, a ganina, ita ce ku kauce wa tambayar gaba ɗaya a inda za ku iya. Baƙin bututun nan mai shuɗin layi da ke zuwa a naɗe, wanda ake kira PEHD, da koren nan na cikin gida da ake haɗawa da zafi, PPR, ba su da kulorin, saboda haka ba su da buƙatar waɗannan hodoji tun asali. Ku ja babban layi da na farko, ku shiga gini da na biyu. Duk inda PVC ta zama dole, ku binne ta, wadda ta fito fili kuma ku shafa mata farin fenti na ruwa ko ku rufe ta, ku kuma hana mai gyara gasa baki a wuta, ku saya masa mahaɗi da gam. Bayan an gama haɗawa, ku cika layin ku bar shi ya kwana, ku zubar, ku maimaita haka na 'yan kwanaki kafin kowa ya sha, ruwan kuma a ba shuke-shuken da ba a ci ko a yi kwaɓin siminti da shi. Daga baya ku sa wa ladan ko mai gadi al'adar sakin famfo na minti ɗaya ko biyu da safe, har ruwan ya yi sanyi a hannu, kafin yara su zo. Wannan al'ada tana da amfani ko da bututunku ba shi da dalma ko kaɗan, domin kan famfo na farin ƙarfe mai araha da mahaɗan tagulla su ma sukan ƙunshi dalma, kuma sau da yawa su ne suke ba da fiye da abin da robar take bayarwa.

Tafasa ruwa ba ya fitar da dalma, yana ma ƙara mata yawa a abin da ya rage a tukunya, haka kuma alif da maganin kulorin da tacewa da ƙyalle ba a yi su don ita ba. Idan kuna son tabbaci, ku kai ruwan ɗakin gwaji, ku kuma faɗa musu a fili cewa dalma kuke so a auna, domin gwajin da aka saba yi wa sabon foraj ya fi karkata ga ƙwayoyin cuta. Ku ɗebi kwalba biyu daga famfon makarantar: ta farko daga ruwan da ya fara fitowa bayan ya kwana aƙalla awa 6 ba a taɓa ba, ta biyu bayan an bar shi ya zuba na minti biyar. Idan ta farko ce kawai ta yi yawa, matsalar tana kan famfo ko bututun da ke kusa da shi, kuma canza su ya wadatar. Idan duka biyun ne, sai a auna ruwan tun daga bakin foraj da tanki a gano daga inda take shiga.